Wa Ake Koya wa Haihuwa? Shirin Naƙuda da Jego a Ƙasar Mirriya

Tsakure

Takardar nan ta dubi yadda ake shirya mai ciki da danginta domin haihuwa a gundumar Mirriya ta jihar Damagaram. Ilimin haihuwa yana shiga gidajenmu ta ƙofa uku: bakin tsofaffi, awon ciki a likita, da makarantar mazaje wadda aka fara a wannan jiha a 2008. Abin da takardar ke son nunawa shi ne, wadda shawara ke hannunta a daren naƙuda, wato uwar yarinya ko uwar miji ko ungozomar unguwa, ita ce har yau ba a gayyata ajin ba. An kafa hujja da alƙaluman ƙasa, da binciken da aka yi a Dogo da Takieta, da abin da aka gwada a wasu ƙasashe.

Gabatarwa



Ajin koyon haihuwa, irin wanda mai ciki ke zuwa ta zauna gaban ungozoma a koya mata numfashi da nishi, daga Turai ya samo asali. Tun 1933 wani likitan Ingila, Grantly Dick-Read, ya rubuta cewa tsoro ne ke ninka zafin naƙuda. A 1951 Fernand Lamaze ya je Tarayyar Sobiyet ya ga yadda ake horar da mata, ya komo Paris ya kafa irin nasa. Yau a Faransa inshorar lafiya ce ke biya wa mai ciki kuɗin zama takwas na wannan shiri. Amma duk wannan tsari an gina shi ne bisa zaton cewa matar a asibiti za ta haihu, ita ke yanke wa kanta shawara, mijinta na gefenta, kuma babbar damuwarta ciwo ne da fargaba. Wanda ya ɗauko shi ɗungurungum ya dire a Hamdara ko Zarmu na gundumar Mirriya, zai yi ta koyar da numfashi alhali abin da ke kashe mata jinkiri ne.

Mirriya tana kimanin kilomita 18 gabas da birnin Damagaram, tsohuwar ƙasar Sosebaki ce, kuma a ƙidayar 2012 mutanen gundumar sun haura rabin miliyan. Kusancinta da birni yakan ruɗi baƙo. Kwalta ta ratsa garin, amma Dogo da Durum da Guna da Gafati da Koleram suna da ƙauyukan da, in damina ta kankama, sai amalanke ko kabu-kabu.

Babban binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, a jihar Damagaram kuwa 8.5. Mata 535 ke mutuwa cikin kowace haihuwa 100,000. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya sauko da adadin zuwa 441, binciken 2021 kuma ya nuna haihuwa ta ragu zuwa 6.2. An ci gaba, babu musu. Sai dai alƙaluma biyu na 2012 su ne suka fi tsaya mini a rai: kashi 83 cikin 100 na masu ciki sun je awo aƙalla sau ɗaya, amma kashi 30 kacal suka haihu a likita. Ke nan mata sun san hanyar likita, sun taka ta da ƙafarsu da tsohon ciki, amma da naƙuda ta zo sai aka zauna a ɗaki. Tazarar ta ragu tun lokacin, ba ta dai rufe ba.

A 1994 Sereen Thaddeus da Deborah Maine sun kasa jinkirin da ke kashe mai naƙuda gida uku: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyu da na uku aikin hukuma ne. Na farko a cikin ɗaki yake faruwa, kuma shi ne kaɗai darasi zai iya taɓawa kai tsaye. Sai mu tambaya: wa ke cikin ɗakin?

Makarantar cikin gida

Kuskure ne a ce matan Mirriya ba su da ajin haihuwa. Suna da shi, ya kuma girmi likita. Yarinya mai cikin fari, in ya kai wata bakwai ko kusa da haka, akan ɗauke ta zuwa gidan iyayenta goyon ciki. A can za a hana ta wannan a ba ta wancan, a tanadi itacen wanka, da kanwa, da yaji, da gero. In ta sauka lafiya, sai wankan jego safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganye, kunun kanwa, ƙauri, suna ran bakwai, wanzami ya yi nasa aikin, har a yi arba'in ta koma ɗakinta da gara. Tsari ne cikakke mai malamai da manhaja da ranakun da ba a sakewa.

Ya kamata mu faɗi alherinsa kafin aibinsa. Kwana arba'in mai jego ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa, ba ta kwana ita kaɗai. Ana ciyar da ita mafi kyawun abin da gidan ke iyawa. Akwai wadda za ta karɓi jariri in ya hana ta barci, akwai wadda za ta nuna mata yadda ake riƙe shi a ba shi mama. Ƙasashen da suka ƙirƙiro ajin haihuwa yau kuɗi suke biya a zo a yi wa mai jego rabin wannan hidima, suna kuma kokawa da ciwon damuwar da kaɗaici ke jawo wa sababbin iyaye. Duk shirin da zai zo ya rushe jego da sunan wayewa, asara zai kawo.

Matsalar ita ce, wannan makaranta ta ƙware a abin da ke bayan haihuwa, ta yi shiru a kan haihuwar kanta. Kunya ta hana uwa ta zaunar da ƴarta ta gaya mata abin da za ta gani. Abin da yarinya ke tsinta a bakin ƙawaye da kishiyoyi guda ne: kada ki yi raki, kada a ji muryarki, kada ki ba mu kunya. Mace ta gari ita ce wadda sai kukan jinjiri za a ji. Don haka da yawa kan ɓoye naƙuda har ta yi nisa, su durƙusa su kaɗai, a kira ungozoma daga baya ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta yi wanka. Barbara Cooper, a littafinta na 2019 kan tarihin haihuwa a Nijar, ta yi dogon bayani a kan yadda aka mai da juriyar naƙuda ma'aunin darajar mace. Jarumta ce ta gaske, ban raina ta ba. Amma jarumtar da ke hana mai zubar jini buɗe baki, da ranta take biya.

Abu na biyu da makarantar gida ta rasa shi ne agogo. Babu wani ƙayyadadden lokacin da za a ce naƙuda ta wuce kima. In ta yi tsawo, sai a bi matakai: a karɓo rubutu wajen malam, a jiƙa saiwa, a ce zaƙi ne ya tare hanya a ba da maganinsa, a wasu gidajen har a kai ga yankan gishiri. Kowane mataki da kyakkyawar niyya ake yin sa, kowanne kuma yana cin sa'o'i. Kafin a ce a nemo mota, kan ɗa ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashi. Daga nan yoyon fitsari ke fitowa, wanda ya sa aka buɗe asibiti sukutum dominsa a Danja kusa da Maraɗi a 2012, ake kuma yin aikinsa a nan Damagaram. Idan muka tuna cewa a binciken 2012 kashi 76 cikin 100 na ƴan mata an aurar da su kafin shekara 18, za mu gane wa wannan jinkiri ya fi cutarwa. Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya, ya buga sakamakon a 1985, abin da ya gani kuwa shi ne mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba cikin waɗanda ba su yi awo ba sai da abu ya ɓaci aka kawo su, musamman ƙananan yara mata. Shekara arba'in ke nan, labarin bai sake sosai ba.

A Bankilare, can yammacin ƙasar nan, wani shiri da aka fara a 2008 ya ba ƙauyawa doka guda mai sauƙin riƙewa: kada rana ta fito sau biyu mace na kan gwiwa. Dabarar ta yi kyau don ba ta bukatar karatu. Ni a ganina ma ana iya matse ta da lokutan salla, waɗanda kowace tsohuwa ta sani: naƙudar da ta tashi da asuba, in aka kira magariba ba a sauka ba, zance ya ƙare, sai likita.

Bari in ɗan ratse a kan wankan jego, domin an yi masa gurguwar fahimta. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan kanwa da zafin wanka da kwanciya kan gadon wuta. Maganar ta bazu har ta zama kamar hukunci. Daga baya Arnaud Cénac a Yamai ya gano ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu ciwon, sannan babban binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta bai tabbatar da cewa al'adar ce tushen cutar ba. Rama da talauci da hawan jinin ciki sun fi fitowa fili. Saboda haka babu dalilin shelanta yaƙi da wanka. Abin da za a koyar kaɗan ne: a sirka ruwan kada ya ƙona, wadda aka yi wa tiyata ta jira izinin likita, mai hawan jini ko kumburi ta bar kanwa, mai haki da tari da kumburin ƙafa bayan haihuwa a kai ta a duba zuciyarta. Tsohuwar da aka ce wa "rage" za ta saurara. In aka ce mata "bari", ta tashi ke nan.

Haka zancen dakashi. A gidaje da dama ana matse nonon farko a zubar, a ba jariri ruwa ko madarar dabba ko jiƙo har "nono ya gyaru". A 2012 kashi 23 cikin 100 ne kawai na jarirai ƴan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla. Mai jego ƴar shekara goma sha shida ba ta da bakin hana kakar yaro ɗura masa ruwa, ko da an gaya mata sau goma a likita.

Awo

Tun 2006 awon ciki kyauta ne a Nijar, bayan da aka yafe kuɗin tiyatar haihuwa a 2005, zamanin Shugaba Tandja Mamadu. Wanda ya taɓa tsayawa a farfajiyar cibiyar kiwon lafiya, wato CSI, ranar awo ya san yadda abin yake. Mata sun cika inuwa tun hantsi, ungozomar likita ɗaya ce ko biyu. A hau sikeli, a ɗaura abin gwajin jini, a auna tsayin ciki, a ba da ƙwayar ƙarin jini da Fansidar, a yi allurar tsinkau-tsinkau, in akwai gidan sauro a miƙa, a cika kati, sai ta gaba. Duk waɗannan suna ceton rai. Amma mintocin da kowace mace ke samu ba su isa a yi hira ba, balle mai cikin fari da ke sunkuyar da kai ta yi tambaya. Ga shi kuma ba a zuwa da wuri, domin ciki abin ɓoyewa ne har sai ya fito da kansa, don kunya da tsoron baki.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga huɗu zuwa takwas. A ƙasar da binciken 2012 ya nuna kashi ɗaya cikin uku ne ke cika huɗun, ƙarin ba zai yi ma'ana ba sai matar ta ga abin da take samu ya kai wahalar tafiyar. A nan ne awon rukuni ke da amfani. Wata ungozoma a Amurka, Sharon Rising, ita ta fara shi a shekarun 1990: a haɗa mata kamar goma waɗanda cikinsu ya zo daidai, su riƙa zuwa rana ɗaya, su auna nauyin juna, a duba kowacce a keɓe, sauran lokacin a zauna a tattauna. An gwada shi a jihar Nasarawa ta Nijeriya da kuma Kenya, sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna mata sun fi cika awo, a Nasarawa kuma haihuwa a asibiti ta ƙaru ƙwarai. A Makwanpur ta ƙasar Nefal, ƙungiyoyin mata masu zama duk wata su tattauna matsalolin haihuwa sun rage mutuwar jarirai da kusan kashi 30 cikin 100, kamar yadda aka buga a 2004. Mu kuwa zaman rukuni ba baƙonmu ba ne. Ƙasar adashi ce, kuma a Maraɗi aka kafa Mata Masu Dubara a 1991 kafin tsarin ya zagaya duniya.

Makarantar mazaje da abin da ta tsallake

Jihar Damagaram tana da abin alfahari a wannan fage. Bayan wani bincike da hukumar UNFPA ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aka yi a 2007 ya nuna ikon miji na cikin manyan abubuwan da ke hana mata zuwa likita, aka buɗe makarantun mazaje 11 a 2008. Zuwa 2011 sun haura 130 a jihar, daga baya suka bazu sauran jihohi har suka tsallaka ƙasashen maƙwabta. Ba aji ne mai allo da malami ba. Magidanta ne da ba su wuce goma sha biyu ba, kowanne ya kai shekara 25, an shaide shi da zaman lafiya da iyalinsa, matarsa kuma tana zuwa likita. Sukan zauna sau biyu a wata su dubi matsalar garinsu, su fita su yi wa ƴan'uwansu maza magana a majalisa da wurin suna. Wasu sun gina wa ungozoma ɗaki, wasu sun haƙa masai a CSI. Sun sa zancen ciki ya zama abin da namiji zai furta a bainar jama'a bai ji an zubar masa da girma ba, wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Haihuwar da ta fi haɗari ita ce ta fari, kuma ita ce al'ada ta fitar daga hannun miji. Yarinya tana gidan ubanta, watakila a wani ƙauye, ƙarƙashin wata CSI dabam da wadda ta fara awo. Angon ƙarni mai jiran gado, kunyar surukai ba ta barinsa ya zauna a gidan, balle ya ba da umarni. Ko a haihuwa ta uku ko ta biyar da ake yi a gidansa, ba ya shiga ɗakin naƙuda. Abin da tsofaffi suka leƙo suka gaya masa shi ya sani. In suka ce "da saura", ya koma ya zauna. In kuwa rani ne, mai yiwuwa yana Kano ko Legas ko Agadas ko Libiya. Ilimin da aka ba shi ya zama kamar mabuɗin rumbu a aljihun wanda ya tafi cirani.

Ke nan mun koyar da mai ciki, wadda ba ta da iko, mun koyar da miji, wanda ba ya wurin. Wadda ke da iko kuma tana wurin, muka bar ta a matsayin "matsala". Takardun shirye-shirye sukan ambaci kaka da uwar miji a jerin abubuwan da ke kawo cikas. Ban ga laifin tsohuwar da ta ƙi abin da ba a taɓa zaunar da ita aka yi mata bayaninsa ba. Ta haifi tara a ɗaki, ta binne uku, a idonta wannan shi ne duniya.

Shaidar Dogo

Za a ce tsofaffi da matan karkara ba su yi boko ba, ba za su riƙe alamomin haɗari ba. Amsar wannan a Mirriya take, ba sai an je nesa ba. Ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN, waɗanda ke aikin tamowa a nan tun 2009, sun yi wani gwaji daga 2013 zuwa 2014. A yankin Dogo suka koya wa iyaye mata 12,893 yadda ake auna damtsen yaro da ɗan zaren awo mai launi uku da yadda ake gane kumburin ƙafa. A yankin Takieta kuma aka bar aikin a hannun wakilan lafiya na ƙauye kamar yadda aka saba. Sakamakon da Franck Alé da abokan aikinsa suka buga a 2016 ya nuna iyaye ba su gaza wakilan ba. Yaran Dogo ma sun fi isowa da wuri, waɗanda aka kwantar tun ranar farko sun fi kaɗan, kuɗin da aka kashe kuma bai kai rabin na Takieta ba. Yau ƙasashe da dama na amfani da wannan dabara, daga Mirriya ta fita.

Me ya sa ta yi aiki? An ba uwa abu a hannu, an ba ta alama ƙwaya ɗaya mai bayyana, an gaya mata abin da za ta yi in ta gan ta. Ja, tafi likita. Ba a yi mata lacca a kan sinadaran abinci ba. Macen da ta iya wannan za ta iya gane cewa zane biyu sun jiƙe da jini, ko mabiyiya ta ƙi faɗowa, ko ciwon kai da dishi-dishin ido da kumburin fuska suna kiran jijjiga.

Irin ajin da ya dace da mu

Shawarata ita ce a mai da ranar awo ranar zaman rukuni, sannan a ware zama biyu, na wata bakwai da na wata tara, a ce kowace mai ciki ta zo da wadda za ta zauna da ita ranar haihuwa. Wata bakwai ya dace da lokacin tafiya goyon ciki, don haka a nan za a tambayi inda za ta haihu, a rubuta a katinta, a sanar da CSI ta can. A wannan zama tsohuwa ce ɗaliba ta gaba, kuma a fara da tambayarta abin da ta gani a rayuwarta. Babu tsohuwar da ba ta san wata da jini ya tafi da ita ba. Daga labarinta za a ciro darasin, a cikin harshenta, Hausa ko Barbarci ko Fulatanci. Kunya za ta hana uwa da ƴa zama tabarma ɗaya a yi wannan zance, saboda haka a raba su: ƴan mata da ungozoma a ɗaki, iyaye a inuwa.

Abin koyarwar kada ya yi yawa. Alamomin da ba a jira a kansu, na uwa da na jariri. Iyakar lokacin naƙuda. A goge jariri a ɗora shi a ƙirjin uwa, a jinkirta wankansa zuwa washegari, a sa shi a mama cikin sa'ar farko, kada a shafa wa cibiya komai sai abin da likita ya bayar. Sauran lokacin a ɓatar da shi a kan tanadi, wanda shi ne ainihin shirin haihuwa a karkara: motar wa ko amalanken wa, lambar wayar wa, kuɗi nawa kuma a hannun wa, wa zai ba da jini, wa zai tsare yara. A nan makarantar mazaje za ta shigo da aikin da ya fi dacewa da ita. Kowane miji ya ba da izini tun da wuri, a gaban shaidu, cewa in abu ya taso a tafi da iyalinsa ko ba ya nan. An gwada irin wannan izini a Jigawa da Katsina da Zamfara da Yobe, tare da direbobin tasha da suka ɗauki alkawarin kai mai naƙuda asibiti. Limamai na da rawar takawa, domin ceton rai ba ya jiran sallama, su ne kuma za a fi yarda da su in suka faɗa.

Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin sa'a biyu. Shirin da Nijar ta shimfiɗa a duk faɗin ƙasa, na ƙwayar misoprostol da robar da ake cikawa da ruwa a cikin mahaifa da rigar matse jiki, ya rage mutuwar zubar jini da kashi 70 cikin 100 tsakanin 2015 da 2020, kamar yadda mujallar Lancet Global Health ta buga a 2023. Magani ya samu. Saura wadda ke riƙe da fitila a ɗakin ta san cewa akwai shi, ta kuma san jinin da ya wuce na biƙi.

Bayan haihuwa ma ba sai mun ƙirƙiro sabuwar kalanda ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba uwa da jariri cikin kwanan farko, sai rana ta uku, sai tsakanin kwana 7 da 14, sai mako shida. Ku dubi namu: ranar haihuwa, ranar ƙauri da akan yi kwana uku ko huɗu, ranar suna, ranar arba'in. Kusan sun hau kan juna. In wakiliyar lafiya ta zo barka a waɗannan ranaku, ta taɓa jikin jariri, ta dubi cibiya da idanu, ta tambayi mai jego jini da zazzaɓi da halin zuciyarta, ba wanda zai ce baƙon abu ta kawo. Ranar arba'in kuma ita ce ranar zancen tazarar haihuwa, tunda tsofaffi da kansu suna ƙyamar kwanika, Alƙur'ani kuma ya ambaci shayarwar shekara biyu.

Ungozomar gargajiya fa? An daɗe ana cewa ta daina karɓar haihuwa ta koma mai rakiya. Magana ce mai kyau, sai dai an manta cewa sana'arta ce: sabulu, hatsi, ɗan kuɗi, da kasonta na ragon suna. In rakiya za ta raba ta da wannan, ba za ta raka ba. A bar mata wanka da hidimar jego da duk abin da ke biyo su, a kuma karɓe ta da mutunci in ta kawo mai naƙuda, a bar ta ta shiga ta riƙe mata hannu.

In sun zo, me za su tarar?

Akwai sharaɗin da in babu shi duk abin da na faɗa zai koma kanmu. Tun 1994 Yannick Jaffré da Alain Prual suka rubuta a kan tsamin dangantaka tsakanin ungozomomin likita da masu haihuwa a Nijar, masu bincike na cibiyar LASDEL kuma sun biyo baya da shaidu masu yawa: tsawa, gori, tilasta kwanciya rigingine ga macen da ta saba durƙuso, hana ƴan rakiya shiga. Sun kuma nuna yadda jinkirin biyan kuɗin kulawar kyauta daga baitulmali ya riƙa barin ɗakunan magani fayau. Ma'aikatan ma abin tausayi ne. Wadda ta kwana tana aiki da fitilar wayar salula ba ta da sauran haƙuri da safe. A watan Agustan 2024 gwamnati ta rage kuɗin asibiti ta kuma yafe na haihuwa. Mataki ne mai kyau, in kuɗin na isa inda aka yi aikin. Amma tsohuwar da muka lallasa ta kawo ƴarta, in aka kore ta daga ƙofa da baƙar magana, ta zama malamar da za ta koya wa unguwa guda kada su zo.

Kirana ga hukumar lafiya ta gundumar Mirriya, da masu sarauta, da makarantar horar da ma'aikatan lafiya da jami'ar da ke birnin Damagaram, shi ne a zaɓi CSI biyu ko uku a gwada wannan aji na shekara guda, a kwatanta da maƙwabtansu kamar yadda aka yi a Dogo da Takieta. Kada a ƙirga yawan waɗanda suka halarci zama, wannan lissafin masu rahoto ne. A tambayi duk mai naƙudar da ta iso lokacin da ciwon ya fara da wanda ya ce a taho, a rubuta a rajista.